Yadda Ruwa Ke Sauya Ɗanɗanon Giya

Kusan kashi 90 cikin 100 na giya ruwa ne, don haka ma'adanan da ke cikinsa suna da babban tasiri a kan ɗanɗanonta. Rijiyoyin garin Burton da ke Ingila suna cike da sinadarin jifsam, wanda ke fito da ɗacin furen hof da ake sanya wa giya. Ruwan birnin Pilsen na ƙasar Cek kuwa kusan ba shi da ma'adanai, kuma a can aka fara dafa giyar Pilsner a 1842.

Masu dafa giya a gida, musamman a Amurka, inda shugaba Jimmy Carter ya sanya hannu kan dokar da ta ba su izini a 1978, sukan gyara ruwan famfo don ya yi kama da waɗannan. Da farko sukan cire kilorin, domin yana sa giya warin magani. Daga nan sai su daidaita tsamin jiƙon tsiron sha'ir tsakanin 5.2 da 5.6 a ma'aunin pH. Idan ma'aunin ya haura sosai, giyar takan yi bauri, wahalar makonni ta tashi a banza.