Malam Yaro da cinikin da aka haifa a kan hanya

Masana harkar ciniki suna ware wani rukunin kamfanoni: waɗanda tun ranar kafuwarsu suke sayar da hajarsu a ƙetare, ba su jira sun yi ƙarfi a gida ba. Wani rahoton McKinsey a kan Ostareliya ne ya yayata zancen a 1993. Sai dai wanda ya san tarihin Damagaram ya san abin ya girmi rahoton nesa ba kusa ba.

A zamanin Sarki Tanimun (1851–1884) Zinder ta zama babban zangon ayarin da ke bi ta Azbin da Gat tsakanin Kano da Turabulus. Attajirin da ya fi shahara a ƙarshen wancan ƙarni shi ne Malam Yaro. Hajar da ta ɗaukaka irinsa ba ta da mai saye a gida. Wa zai zuba dukiya a kan gashin jimina a Birni? Matan Landan da Faris ne ke ado da shi. Saboda haka mai wannan sana'a, tun daga ƙunshinsa na farko, idonsa na kan bakin teku.

Jarinsa na gaskiya kuwa amana ce. Larabawan Turabulus da Gadamus su ba da alawayyo da takarda da sukari bashi, a biya da gashin jimina da jemammiyar fata bayan watanni masu yawa. Raƙuman na Abzinawa ne, haya ake yi. Wakilai na zaune a zangunan hanya, wasiƙa da Larabci ita ce ke haɗa su. Kada kuma a manta, gumin bayi na cikin wannan dukiya.

Raunin tsarin shi ne hanya ɗaya ya dogara a kanta. Faransawa sun ci Zinder a 1899. A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, zargin ya haɗa da Malam Yaro. A 1911 Italiya ta afka wa Turabulus, layin dogo kuma ya iso Kano. Fatun da raƙumi ke kaiwa arewa sai suka juya kudu, cinikin ya koma hannun kamfanonin Turawa.