Madubi, Waifa da Tsumman Yaron Mota

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Funtuwa da Malumfashi a tsakiyar damina ya san wannan. Hadari zai haɗo daga gabas, kafin a kai Bakori ruwa ya kece, kowa ya ɗaga gilashinsa. Cikin ɗan lokaci gilashin gaba ya yi fari fat da tururin numfashin mutum bakwai. Sai direba ya jawo tsumma, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana goge ɗan gurbin da zai leƙa hanya. Kusa da gwiwarsa kuwa akwai maɓallin da aka ƙera domin wannan aikin, wataƙila tun da motar ta zo hannunsa bai taɓa murɗa shi ba. Ba za mu yi saurin cewa jahilci ne ba. Tsumman nan yana da tarihi, kuma ya girmi motar nesa ba kusa ba.

Auduga ce ta kawo mana mota. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, ta isa Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanin Turawan Ingila na BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, har yau kuma akwai unguwar da ake kira da sunansa a Funtuwa. Da yake dogo bai bi ta Malumfashi ba, dole diloli su biyo hanya zuwa tashar jirgi: da farko a kan jakuna da raƙuma, daga baya a bayan manyan motoci masu bodin katako. Motar da kakanninmu suka fara sani ke nan, gingimarin ɗaukar kaya. Idan aka lafta mata diloli har suka zarce faɗin bodi, ɗan madubin da ke maƙale a ƙofa ba abin da yake nuna wa direba sai buhu. Yaron mota shi ne madubin. Shi ke zaune a saman kaya yana buga bodi idan wata mota na son wucewa, shi ke dira da weji idan an tsaya a gangare, shi ke cewa "taho, taho, tsaya!" idan za a yi baya, shi ne kuma mai goge gilashi. Ɗan Maraya Jos bai yi wa karen mota waƙa a banza ba. Rabin ganin direba a idon yaron nan yake.

A can inda ake ƙera motocin, kayan nan uku sun zo ne ɗaya bayan ɗaya. A 1903 wata mata 'yar jihar Alabama a Amurka, Mary Anderson, ta yi rajistar wani hannu mai roba da direba zai riƙa juyawa daga ciki yana share gilashi. A 1911 wani ɗan tseren mota, Ray Harroun, ya lashe tseren farko na Indianapolis shi kaɗai a motarsa, alhali sauran direbobi kowa da bakaniken da ke zaune a gefensa yana duba masa baya. Shi madubi ya ɗaura a madadin mutum. Wato su ma Turawan da yaron mota suka fara, madubi ne ya raba shi da aikinsa. Na'urar sanyaya mota kuwa sai a 1939 kamfanin Packard ya fara sayar da ita, ta kuma daɗe tana kayan masu hannu da shuni.

Amma ranar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin madubi a ƙasar nan ita ce Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972. Kafin ranar, Najeriya na tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, sitiyari yana dama. Maƙwabtanmu kuwa, Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru, duk a dama suke tafiya. Direban da ya ɗauko kaya daga Katsina zuwa Maraɗi sai ya sauya hannu idan ya wuce Jibiya, ya sake sauyawa a dawowa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yanke shawarar a koma dama. Saliyo ta riga mu da shekara ɗaya, Ghana ta biyo baya a 1974. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari. Jihar Katsina sai a 1987 aka ƙirƙire ta.

Sauya allunan hanya abu ne mai sauƙi. Motocin da ke hannun mutane ne ba su sauyu a dare ɗaya ba. Mai karatu ya ɗan auna abin a ransa. Jiya direba yana zaune ta tsakiyar titi, yana hango abin da ke tahowa, madubin da yake buƙata yana nan a gefen kafaɗarsa. Yau an wayi gari yana zaune ta bakin titi, ta wajen ciyawa. Idan ya biyo bayan motar auduga yana son wuce ta, sai ya fitar da kusan duk faɗin motarsa cikin hannun masu tahowa kafin idonsa ya ga ko hanya a buɗe take. Madubin da zai nuna masa mai son wuce shi ya koma ɗaya ɓangaren, can nesa, a inda motoci da yawa na wancan zamani ko madubi ba su da shi, domin ɗaya tak ake sa musu a gefen direba. Ƙofar fasinja a motocin haya ta koma tana buɗewa cikin titi. Wanda ke zaune a hagu, yaron mota ne ko fasinja, shi ya zama mai cewa "shiga" ko "dakata", ran kowa a bakinsa. Muna ganin sauyin da ya kamata ya koya mana dogaro da madubi, a shekarunsa na farko, ƙara mana dogaro da mutum ya yi.

Motoci masu sitiyari a hagu sun cika hanya ne bayan 1975, shekarar da masana'antar haɗa Fijo ta fara aiki a Kaduna. Lokacin ya zo daidai da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, ya kuma zo daidai da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar, tare da na Gusau da Gombe. An buɗe hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, taki ya shiga, masara ta fito. Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci da alhaji, a-kori-kura ta zama jakin manomi. A mafi yawan motocin nan iskar da ake sha ta taga take shigowa. Mai esi a mota abin nunawa ne, gilashi a rufe cikin zafin bazara shi ne shaidar cewa mutum ya samu. Wannan kallo bai bar mu ba. Har gobe esi a wurinmu kayan jin daɗi ne mai shan mai, kuma direban haya da ke lissafin kowace lita ba ya ganin dalilin kunna shi ana ruwa, gari da sanyi.

Alhali a lokacin ne ya fi amfani. Esi ba sanyaya iska kawai yake yi ba, yana tsotse danshin da ke cikinta. Ruwan da muke gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota shi ne danshin. Idan aka kunna shi, aka juya iskar zuwa gilashin gaba, aka buɗe ƙofar iskar waje, hazon nan yakan washe nan da nan, balle in an ɗan haɗa da ɗumin hita. Maɓallin da ke hana iskar waje shigowa kuwa abokin tafiya ne a hanyar burji, ko a bayan Daf mai hayaƙi. Amma in an bar shi a rufe ana ruwa, numfashin fasinjoji ne ke ta zagayawa: gilashi ya ƙara yin hazo, kuma a doguwar tafiya gyangyaɗi ya fara ɗaukar direba.

Matsalar ita ce a motoci da yawa hitar ma babu ita. Bayan 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam suka maye gurbi. Motoci ne da aka ƙera domin ƙasashen ƙanƙara, suka ƙare ƙuruciyarsu a can. Da yawa sun zo da hita mai ƙarfi ba esi. Bakanikenmu kuwa, da ya ga tiyon hita ya fara yoyo, sai ya haɗe bakin biyu ya kewaye ta, yana cewa me za a yi da hita a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa fita daga Malumfashi da asubahin Janairu zuwa kasuwar ƙauye, hunturu na kaɗawa, ya san amsar. A daidai wannan zamani kuma duniya ta sauya iskar gas ɗin esi: bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, masu ƙera motoci suka bar R-12 suka koma R-134a a farkon shekarun 1990. Tsofaffin motocin da suka iso mana da tsohon tsari, da gas ɗinsu ya tsiyaye, sau da yawa a nan labarin esinsu ya ƙare, aka cire bel aka huta.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san wani hali na ɗan Adam: yadda abu ya zo masa a saite, haka yake barinsa. Motar da ta sauka daga jirgin ruwa tana zuwa da madubin da wani ya saita daidai tsawonsa a wata ƙasa. Wanda ya gyara ma, yawanci yakan karkato da na gefe har sai ya ga jikin motarsa sosai, kamar yana tsoron za a sace ƙofar baya. A 1995 wani injiniya Ba'amurke, George Platzer, ya nuna da lissafi cewa wannan saiti maimaita aikin madubin tsakiya kawai yake yi, ya bar wani yanki a kowane gefe da direba ba ya gani. Shawararsa ita ce a tura na gefe waje har jikin motar ya kusa ɓacewa daga ciki, ta yadda abin da ya fita daga madubin tsakiya zai faɗa na gefe, in ya fita daga nan kuma ya bayyana a wutsiyar ido. Sai dai lissafin Platzer ya ɗauka cewa madubin tsakiya na ganin baya. Golf ɗin da aka ɗaure but ɗinta da igiya a kan buhunan masara daga Dandume, ko J5 mai kwandunan tumatirin Ɗanja, ba ta da wannan gata. Ita na gefe biyun nan ne kaɗai idonta, in suna nan. Abin da ke ɓuya a wurin da ba a gani kuwa, a hanyoyinmu, galibi babur ne da goyon mutum biyu ko uku. Shi ma mai babur ɗin, tun ranar da ya fito da shi daga kwali ya kwance madubansa ya ajiye a gida, wai sun sa shi ya yi kama da na tsofaffi.

Waifa kuma hunturu ne da bazara ke kashe ta tun damina ba ta zo ba. Ƙura ta kwanta a gilashi, direba ya kunna waifa a bushe domin tankin ruwanta ya daɗe da fashewa, roba ta ja yashi ta zana baka a gilashin. Da rana zanen ba ya damun kowa. Da dare, idan fitilar tirela ta doke shi a hanyar Gusau, sai hasken ya watsu ya rufe ido. Zafin Maris da Afrilu ya gasa robar ta tsattsage, ruwan farko ya sauko a kan ƙura da maiƙo, waifa ta yi ta dama kunu. Daga nan ne dabarar barbaɗa omo a gilashi ta samo asali. Ita ma waifar da ke sharewa ta ɗan huta ta sake sharewa, wadda ta dace da yayyafi, tana da nata labarin: wani malamin injiniya, Robert Kearns, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960, ya shafe shekaru yana shari'a da kamfanonin Ford da Chrysler kafin kotu ta ba shi gaskiya a farkon shekarun 1990.

Shekarar 1972 ma ba ta gama da mu ba. Ko da yake dokar hanya ta hana mota mai sitiyari a dama, ana shigo da irinsu daga ƙasashen da ke tuƙi a hagu, a kai gareji a mayar da sitiyarin. Abin da ba a cika mayarwa ba shi ne waifa. Tana nan tana share gilashi domin direban da ya kamata ya zauna a dama, ta bar kusurwar sama ta hagu da ruwa, daidai inda sabon direban ke buƙatar gani. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana iya tsayar da mutum a kan fasasshen madubi ko matacciyar waifa. Madubin da yake nan lafiya lau amma yana kallon ƙofar baya kuwa, ba shingen da zai kama shi.

Yaron motan da ke kan kaya ya ragu, ƙananan motocin haya ba su da wurin zamansa. Aikinsa ya koma hannun fasinjan gaba. In ruwa ya tsananta bayan an wuce Bakori, za ka ji direba ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan taimaka mana da tsumman nan." Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya shiga goge gilashi, yana yi yana leƙen hagu da dama, yana faɗa wa direba abin da ke tafe.