Hujin lantarki

hujin lantarki *(suna, namiji, kimiyyar halittu da injiniyanci)*

1. Buɗe ƙananan ƙofofi a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta ta hanyar bugunta da lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanin lokaci, domin magani ko sinadarin gado ya samu shiga. In bugun ya yi daidai, ƙofofin kan rufe, ƙwayar ta rayu. In ya wuce kima, sai ta mutu. Eberhard Neumann ya yi amfani da shi a Jamus a 1982 wajen shigar da sinadarin gado cikin ƙwayoyin ɓera.

2. *Na'urar hujin lantarki:* da'irar da ke samar da bugun. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori ita ce janaretan Marx, wanda Erwin Marx ya ƙirƙiro a 1924. Ana cika kafasitoci da caji a gefe da gefe, sannan makunnai masu sauri su jera su baki da wutsiya, ƙarfinsu ya haɗu ya fita lokaci guda. Kafasita goma masu volt 1,000 kan ba da kusan volt 10,000. A maganin cutar daji, bugu ɗaya kan ɗauki kashi 100 cikin miliyan na daƙiƙa, ana kuma yin takwas a jere.

*Misali:* "Malam, a Zongon Lome muna gyaran rediyo da kafasita, ashe da ita ake hujin lantarki?"

*Gargaɗi:* kafasita kan riƙe caji bayan an kashe wuta, kada a taɓa ta sai an sauke shi.