Matar Karkara da Sana'ar Kaɗi a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tun kafin Turawa su ci Katsina a 1903, matar aure a ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi ba ta dogara ga rumbun mijinta kaɗai ba. Bayan daka da ɗiban ruwa, takan gurje auduga, ta shiɓe, ta ɗauki mazari. Kuɗin zaren nata ne. Da su take sayen akuya, ta tara wa 'yarta tasoshi da ƙore. A ganin mai wannan bincike, cikin kayan ɗakin nan tarihin iyali yake, domin daga uwa suke gangarowa zuwa 'ya. Da yadin kanti ya yawaita, musamman bayan buɗe kamfanin saƙa na Kaduna a 1957, masaƙa suka rage sayen zare, mata suka ƙara dogara ga ƙuli-ƙuli da fura.