Tambayar da Likita Ya Makara Yi

A shekarar 1952 likitoci a asibitin Sea View da ke birnin New York na Amurka suka gwada wani magani mai suna iproniazid a kan masu tarin fuka. Sai suka lura cewa majinyatan da a da suke kwance cikin ƙunci sun fara walwala da cin abinci. Shekara biyar bayan haka, Roland Kuhn, likitan ƙwaƙwalwa a ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa maganin imipramine yana sauƙaƙa ciwon tsananin damuwa. Daga nan tarihin magungunan damuwa ya faro. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan tarihi shi ne wata illa da ta daɗe tare da magungunan, amma aka shekara da shekaru kafin a san girmanta: raunana sha'awa da kusantar iyali.

A ƙarshen 1987 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da fluoxetine, wanda kamfanin Eli Lilly ya fitar da sunan Prozac. Shi da danginsa, irin su sertraline da paroxetine, suna ƙara yawan sinadarin serotonin a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan aikin da ke kwantar da zuciya shi ne kuma ke dusashe sha'awa da jinkirta inzali ga namiji da mace. Duk da haka, gwaje-gwajen farko sun nuna cewa masu fama da wannan matsala ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Dalili kuwa shi ne, abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa kaɗai ake rubutawa, kuma mutane kaɗan ne ke buɗe baki a kan sirrin ɗakinsu ba tare da an tambaye su ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. A 1997 Angel Luis Montejo na Jami'ar Salamanka a Sifaniya, tare da abokan aikinsa, suka bi diddigin majinyata 344. Kashi 14 cikin 100 ne suka kawo ƙorafi da kansu, amma da aka tambaye su kai tsaye sai adadin ya haura zuwa kashi 58. A 2001 suka sake bincike a kan mutum 1,022, sakamakon ya kai kashi 59. Maganin dai shi ne na jiya, majinyatan ma irin na jiya ne. Abin da ya ƙaru shi ne tambaya.

Kasuwa ma ta shaida hakan ta wata fuska. A 2009 wasu ƙasashen Turai suka amince da dapoxetine, ɗan wannan dangi, a matsayin maganin saurin inzali. Illar da aka raina a jikin mai damuwa ta zama haja a hannun wani.

Akwai kuma waɗanda suka ce matsalar ba ta rabu da su ba ko bayan sun daina shan magani. Rahotanninsu sun fara fitowa a mujallun likitanci a 2006, amma sai a 2019 Hukumar Magunguna ta Turai ta nemi a rubuta gargaɗi a takardar da ke cikin kwali, cewa illar na iya ɗorewa bayan an daina sha.

A ganina, darasin ya shafe mu ƙwarai, domin ana rubuta fluoxetine da amitriptyline a asibitocinmu, kuma kunya a wurinmu ado ce. Magidancin da ya ji jikinsa ya mutu yana iya jefar da magani a ɓoye, damuwa ta dawo masa. Matarsa kuma ta ɗauka ya daina sonta ne, ko ta zargi sammu. Magungunan nan sun ceci rayuka, yanke su farat ɗaya kuma haɗari ne. Likita na iya rage yawan magani ko ya sauya shi da wani, kamar bupropion ko mirtazapine, waɗanda wannan illa ta fi sauƙi a cikinsu. Sai dai ba zai gyara abin da bai ji ba. Saboda haka nake ganin nauyin fara maganar yana wuyan likita, tun ranar da ya rubuta maganin, domin shi ne kunya ba ta ɗaure wa harshe ba.