Yadda Dillalan Mota Suka Koma Neman Wuri a Google

Shekaru da dama dillalin mota a Amurka ya san inda kasuwarsa take: fili a bakin babban titi, ƙaton allo, da talla a jaridar Lahadi. Mai saye kuwa a makance yake zuwa. Bai san nawa aka saro motar ba, duk abin da aka yanka masa sai ya taya a kai.

Intanet ce ta sauya lissafin. A 1995 Pete Ellis, wanda shi ma tsohon dillali ne, ya kafa Autobytel a Kalifoniya, mutum ya iya neman farashi yana zaune a gida. Cars.com ya biyo baya a 1998, shekarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google. Tsarinsu na PageRank yana auna darajar shafi ne da yawa da kuma ingancin shafukan da ke nuni zuwa gare shi. Nan da nan dillalai suka gane cewa wanda bai fito a shafin farko na sakamakon bincike ba, tamkar ya kasa kaya ne bayan kasuwa ta watse.

Sai wayo ya shigo. Wasu suka riƙa cusa sunan garinsu da na mota a kowane layi har magana ta rasa ma'ana. Wasu suka kwafo bayanin kamfanin da ya ƙera motar, wasu suka biya kuɗi a riƙa nuni zuwa shafinsu. Google ya mayar da martani da gyaran Panda a 2011, wanda ya danne shafuka marasa nama, sannan Penguin a 2012 ya bi ta kan masu sayen nuni. Pigeon na 2014 ya ƙara wa kusanci da mai bincike nauyi, a 2015 kuma aka fifita shafin da ke buɗewa da kyau a wayar hannu.

Yau dillalin da ke son hawa sama dole ya baje komai: hoton ainihin motar ciki da waje, lambar jikinta, tafiyar da ta yi, farashi, adireshi, lokacin buɗewa, da abin da waɗanda suka taɓa saye suka ce game da shi. Gasar neman wuri ta tilasta masa faɗin abin da a da yake ɓoyewa, kuma mai saye ne ya ci ribar hakan.