Maganin Kwantar da Hankali Lokacin Aikin Haƙori

Akwai mutanen da za su kwana uku suna juyi da ciwon haƙori, suna tura kanumfari a ramin, suna haɗiyar farasitamol, amma ba za su taka asibiti ba. Wasu allura suke tsoro, wasu ƙarar injin, wasu kuwa an taɓa cire musu haƙori suna yara aka danne su, abin bai bar ransu ba har yau. Akwai kuma wanda da zarar an sa masa wani abu a baki sai yunƙurin amai ya taso masa. Illar wannan tsoro ita ce jinkiri: ramin da za a cike cikin rabin awa ya zama ruɓa, kumatu su kumbura, wani lokaci kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa har ya matse numfashi. Likitocin haƙori suna da hanyoyin taimaka wa mai irin wannan fargaba.

Zafi daban, tsoro daban

Allurar da ake yi a dasashi, wadda yawanci lidoken ce, ita ce ke kashe zafi. Tana kashe haƙorin da kewayensa, har leɓe da gefen harshe su yi nauyi na 'yan awoyi, amma ba ta taɓa tsoro. Maganin kwantar da hankali kuwa tsoron yake ragewa, ba ya hana jin zafi yadda ya kamata. Shi ya sa ko an ba ka shi, za a yi maka allurar dasashi, sai dai a lokacin jikinka ya saki, ba ka damu da ita ba.

Kafin a kai ga magani, ka faɗa wa likita kai tsaye cewa kana jin tsoro, kuma ka faɗi abin da kake tsoro. Ku yi yarjejeniya cewa in ka ɗaga hannu zai dakata. Ana iya shafa man kashe zafi a dasashi kafin allura. Mutane da yawa wannan kaɗai ya ishe su. In bai isa ba, ƙa'idar ita ce a ɗauki mafi sauƙin magani da zai yi aikin.

Iskar dariya

Sunanta naitiros oksaid, kuma ta daɗe a hannun likitocin haƙori. A watan Disamba na 1844 wani likitan haƙori a garin Hartford na Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta aka cire masa nasa haƙorin. A yau ana gauraya ta da iskar oksijin, a shaƙa ta wani ɗan marfi da ake ɗora wa hanci. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa har a ga mutum ya natsu. Yawancin mutane kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ya ishe su, kuma an ƙera injin ɗin yadda oksijin ba zai yi ƙasa da kashi 30 ba.

Cikin 'yan mintuna za ka ji jiki ya yi sakayau, yatsu suna ɗan tsikari, ƙarar injin ta yi nisa. Idonka biyu, kana jin likita, kana ba shi amsa. Duk da sunanta, ba kowa take sa wa dariya ba. Da an gama sai a rufe ta, a bar ka da oksijin zalla na kamar minti biyar, ta fice daga jiki ta numfashi. Wannan saurin fita shi ne babban amfaninta, kuma shi ya sa ita ake fara zaɓa wa yara. Wasu kan ji tashin zuciya ko jiri, musamman in sun cika ciki kafin zuwa.

Ba ta aiki ga wanda mura ta toshe wa hanci. Ana kauce mata a watanni uku na farkon ciki, da ga mai tsananin ciwon huhu, da mai ƙarancin bitamin B12, da wanda aka yi wa tiyatar ido ko ta cikin kunne kwanan nan. Ba kowane asibitin haƙori ke da injinta ba, don haka a tambaya tun kafin ranar aiki.

Ƙwayar sha

Likita na iya ba da ƙwaya irin diyazefam, wadda aka fi sani da Valium, a sha daren jajibiri ko kamar awa ɗaya kafin aiki. Tana da sauƙi, amma tana da aibi ɗaya: da ta shiga ciki ba a iya rage ta, kuma ƙwaya ɗaya da ba ta motsa wani ba tana iya kwantar da wani, musamman tsoho. Wasu yara da tsofaffi ma maimakon su natsu sai su rikice.

A nan muke yawan ganin kuskure. Mutum ya biya kemis ya sayi Valium ya sha da kansa, bai faɗa wa kowa ba, ya zo aka ƙara masa wani maganin a kai. Haɗuwar biyun na iya danne numfashi. Kada ka sha komai sai abin da likitan da zai yi aikin ya rubuta.

Allurar jijiya

Wannan ta fi dacewa da babba mai tsananin tsoro, ko aiki mai tsawo kamar cire haƙorin ƙarshe na turame da ya maƙale a ƙashi. Ana sa 'yar roba a jijiyar bayan hannu, a riƙa tura maganin, yawanci midazolam, kaɗan-kaɗan ana kallon yadda kake. Ba barci ba ne irin na tiyata: kana numfashi da kanka, in an ce buɗe baki za ka buɗe. Sai dai yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru, su tashi suna tambaya ko an fara.

Haɗarinsa shi ne rage numfashi. Saboda haka dole a maƙala maka na'urar auna oksijin a yatsa, a riƙa duba bugun zuciya da hawan jini, oksijin yana kusa, da kuma fulumazenil, maganin da ke karya ƙarfin midazolam. Dole kuma a sami ma'aikaci na biyu da aikinsa shi ne lura da kai. Kana da haƙƙin tambaya ko akwai waɗannan. In babu, a nemi wani wuri.

Sai ka zo da babban mutum da zai mai da kai gida ya zauna da kai. Na awa 24 ba tuƙin mota ko babur, ba girki, ba aiki da inji, ba sa hannu a takarda ko cinikin kuɗi mai yawa, ko da kana jin ka warware. Mace mai reno ta tanadi wanda zai riƙe mata yaro. Game da cin abinci kafin zuwa, asibitoci sun bambanta, sai a bi abin da aka faɗa maka.

Cikakken barci

Wannan shi ne na ɗakin tiyata, inda mutum ba ya sanin komai, likitan sa barci yana kula da numfashinsa. Ana ajiye shi ne don babban aikin muƙamuƙi, ko ƙaramin yaro da haƙora da yawa suka ruɓe, ko mai lalurar da ba za ta bar shi ya zauna a kujera ba. A Ingila, bayan mutuwar wasu yara a ƙananan asibitocin haƙori, an hana yin sa a wajen babban asibiti tun daga 2002. Yawanci ana daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Kada uwa ta ji tausayin yaro ta ba shi kunu a ɓoye. Abin da ke cikin ciki na iya dawowa ya faɗa huhu.

Abin da dole likita ya sani

Ka faɗa masa in kana da asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon hanta ko ƙoda, farfaɗiya, ko ciwon sukari, domin hana cin abinci na shafar yadda za ka sha maganinka. Mai sikila ya faɗa tun farko, saboda raguwar oksijin ko ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar da ciwon. Mai ciki ko mai shayarwa ita ma ta faɗa. In iyalinka sun ce kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa cikin barci, wannan babban bayani ne, ba abin kunya ba.

Haka nan tiramol, kodin, ƙwayar barci, barasa ko maganin gargajiya. Likita ba hukuma ba ce, ba kama ka zai yi ba. Wanda jikinsa ya saba da waɗannan, maganin na iya ƙin kama shi, ko kuma su haɗu su yi masa yawa.

Bayan an koma gida, in mutum ya yi barcin da aka kasa tashinsa, ko numfashinsa ya yi ƙasa sosai, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya launi, ko amai ya ƙi tsayawa, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma faɗa musu sunan maganin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi.